Zubar Gashin Mage: A Duba Mataji da Kwanon Abinci Kafin a Nemi Magani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu taɓo wani koke da masu kiwon mage ke yawan kawowa asibitin dabbobi, musamman tun da aka shiga yayin sayen maguna masu dogon gashi irin na Farisa a Kano da Kaduna da Abuja. Koken bai wuce gashi ba: ga shi a kujera, ga shi a darduma, ga shi a farar shaddar maigida, wani lokaci har cikin kwanon miya. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne irin dabarun da mutane ke yi don tsayar da zubar, domin wasunsu kan kashe magen tun ba a kai ta ga likita ba.

A fara sanin cewa babu allura ko ƙwaya da za ta hana lafiyayyar mage zubar da gashi. Kowane silin gashi tsirowa yake, ya yi tsawo, ya tsaya, sannan sabo ya turo shi daga ƙasa ya faɗi. A ƙasashen sanyi tsawon yini ne ke tsara wannan, shi ya sa magunansu kan yi babbar zuba idan sanyi ya wuce. A Kano kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai kai awa ɗaya da rabi ba, ga kuma hasken lantarki da dare, don haka magen da ke kwana a ɗaki kaɗan-kaɗan take zubarwa duk shekara, abin ya ɗan ƙaru idan hunturu ya ja baya zafin bazara ya kankama. Abin da mai mage zai iya shi ne ya kwashe gashin da ya riga ya mutu kafin ya faɗi, ya ƙarfafa wanda ke tsirowa, ya kuma gane lokacin da zubar ta tashi daga al'ada ta koma ciwo.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. A fito da ita tsakar gida inda akwai haske, a riƙa buɗa gashin da yatsa daga gindin wutsiya zuwa wuya. Idan fatar fes take, babu ja, babu ɓawon ƙurji, gashi kuma ya rufe ko'ina, to zubar ta al'ada ce komai yawanta. Idan kuwa an ga wurin da ya yi sanƙo, ko baƙin gari a gindin gashi, ko ƙananan ƙuraje, akwai dalili. A shafa wurin da ya yi sanƙon da bayan yatsa. In an ji kaushin guntayen gashi, ita ce ke lasa tana gutsure shi saboda ƙaiƙayi ko damuwa. In an ji sumul, daga tushe yake faɗuwa. Wuri guda da ke yawan tsorata mutane a banza shi ne tsakanin ido da kunne: gashin wurin dama shara-shara yake a jikin mage mai gajeren gashi, an fi ganin hakan a jikin baƙa.

Ga zubar al'ada, mataji ya fi kowane magani aiki. Magen gida mai gajeren gashi tana buƙatar tajewa sau biyu zuwa uku a mako, minti biyar ya isa, da buroshin roba mai gajerun haƙora ko safar hannu mai ƙurajen roba da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi. Mai dogon gashi kuwa kullum ne, babu fashi, kuma da matajin ƙarfe mai haƙora iri biyu, masu faɗi a gefe ɗaya, matsattsu a ɗaya gefen. A fara da masu faɗin, a bi kwanciyar gashi daga kai zuwa wutsiya. Kuskuren da aka fi yi da ta Farisa shi ne a riƙa shafa buroshi a sama, sama ya yi sheƙi, alhali lallausan gashin ƙasa yana can yana cukurkuɗewa a jikin fata. Yadda ya kamata shi ne a ɗaga gashi da hannu ɗaya har a ga fata, a taje abin da ke ƙasa da hannun, a matsa gaba kaɗan, a sake, layi-layi. Wuraren da ke dunƙulewa sanannu ne: bayan kunnuwa, ƙarƙashin wuya, hamata, mara, da bayan cinyoyi. Su ne kuma wuraren da ba ta son a taɓa, don haka a bar su zuwa ƙarshe, a yi su kaɗan-kaɗan. Da zarar ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi ko ta kwantar da kunnuwa, a sake ta. Wanda ya danne mage ya taje ta da ƙarfin tsiya yau, gobe da ta hango mataji sai ƙarƙashin gado. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ta ci ta ƙoshi tana lumshe ido.

Idan gashi ya riga ya dunƙule, kada a kusance shi da almakashi. Fatar mage siririya ce, dunƙulen kuma yana jawo ta sama ta shige cikinsa, sai mutum ya yanke fata yana zaton gashi ne, kuma irin wannan yankan sai da ɗinki. Ƙaramin dunƙule a barbaɗa masa ɗan garin sitaci, a riƙe gindinsa da yatsu biyu don kada a ja fata, a warware shi daga baki zuwa ciki. Wanda ya manne da fata sai injin aski, a hannun wanda ya iya. Akwai kuma wani matajin mai kama da reza mai ƙananan haƙora, irin su FURminator, wanda ke kwaso gashin ƙasa da yawa har mutum ya yi mamaki. Yana da amfani, amma sau ɗaya a mako, bi ɗaya ko biyu a kowane wuri, ba tare da dannawa ba. In aka zarce sai ya fara yanke lafiyayyen gashi yana kuje fata. Bayan an gama kowace tajewa, a jiƙa tafin hannu ko tsumma a shafe jikinta, ragowar gashin zai naɗe ya biyo hannu. Da hunturu wannan shafar tana da ƙarin amfani, domin busasshiyar iska kan sa gashin ya riƙa tashi yana manne wa tufafi.

Aske ta ƙwal, kamar yadda wasu ke yi da bazara, ba ya rage zuba. Gashin zai ci gaba da faɗuwa, gajere ne kawai, ya fi ma wuyar fita daga jikin kafet, ga rana tana ƙona fatar da aka tone.

Sai maganar abinci, wadda a nan ne yawancin gidajenmu suke faɗuwa. Gashi kusan dukkansa furotin ne, mage kuma mai cin nama ce zalla, ba kamar kare ba da ke iya maneji da ragowar tuwo. Magen da ake ba shinkafa da miya da ɗan ƙashi, jikinta zai fara tura ɗan furotin da ta samu zuwa zuciya da tsoka, gashi ya zo a ƙarshe: ya dushe, ya yi kaushi, ya riƙa karyewa, amosani ya fito. Wanda ke sayen busasshen abinci na kanti ya juya buhu ya karanta. A nemi wanda aka rubuta cikakken abincin mage ne, furotin bai gaza kashi 26 cikin 100 ba ga babba, kashi 30 ga 'ya'ya da mai shayarwa, kuma nama ko kifi ne a farkon jerin abin da aka haɗa. Mage mai nauyin kilo 4 kan ci gram 55 zuwa 70 a yini. Abincin kare ba ya maye gurbinsa, domin ba a tanadi isasshen sinadarin taurine a cikinsa ba, rashinsa kuma yana lalata zuciya da ido. Buhun da aka buɗe a ɗaure bakinsa a ajiye wuri mai sanyi, saboda zafinmu na sa kitsen ciki ya yi ɗoyi, kitsen nan kuwa shi fata ke buƙata. Idan za a sauya abinci, a gauraya sabo da tsoho ana ƙara sabon har kwana bakwai, in ba haka ba sai zawo.

Mun san buhun nan ya yi tsada, kuma gidaje da yawa dafawa suke yi. Babu laifi in an kiyaye wasu abubuwa. Mage mai kilo 4 tana buƙatar kimanin gram 120 na dafaffen nama, kaza ko kifi a yini, a raba biyu, babu gishiri, babu magi, babu yaji. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, shi ya sa naman da aka tsamo daga miya bai dace ba. A zuba mata romon da aka dafa naman a ciki, domin taurine na fita cikin ruwa. Zuciyar kaza ko ta akuya na da shi da yawa, ga araha. Nama zalla ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi, don haka a wanke ɓawon ƙwai a busar a daka shi lukui, a zuba rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na nama. Hanta kuwa ɗan yanki sau biyu a mako ya wadatar. Mage na sonta ƙwarai, amma in ta zama abincin kullum bitamin A yakan taru ya sandarar da ƙashin wuya. Ƙwai a dafa shi, domin ɗanyen farin ƙwai na hana jiki amfani da biotin, wanda fata da gashi ke buƙata. Kifi ma a dafa, kuma kada ya zama shi kaɗai: wasu ɗanyun kifaye na rusa bitamin B1, kifin gwangwani mai maiƙo a kullum kuma yana ƙarar da bitamin E har kitsen jikinta ya kumbura ta daina yarda a taɓa ta. Madara ba ta gyara gashi, yawancin manyan maguna ma zawo take sa su.

Man kifi yana taimakawa wajen bushewar fata da amosani. Ƙwayar da aka saba gani mai miligram 1,000 ta ishi mage mai kilo 4 kwana biyu: a huda ta da allura a matsa rabi a kan abinci. A tabbatar man jikin kifi ne, ba man hantar kifi ba, don na hanta cike yake da bitamin A da D masu taruwa su zama guba. Kada a sa ran ganin canji kafin mako shida zuwa takwas, saboda gashin da ke jikinta yau an riga an ƙera shi, sabon da zai fito ne zai amfana. Ruwa ma ana mantawa da shi. Tana buƙatar kimanin mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a yini, wato wajen ƙaramin kofi guda ga mai kilo 4, kuma mage ba ta cika jin ƙishi ba. A ajiye kwano biyu ko uku masu faɗi, nesa da abinci da wurin bayan gidanta, a canja ruwan kullum.

Wanka ba shi da muhimmancin da ake ba shi. Magen gida tana iya shekara ba a yi mata ba. Mai dogon gashi sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida ya isa, da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa na mage, a taje ta kafin a jiƙa, domin ruwa na ƙara ɗaure dunƙulallen gashi. A ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare. Sabulun wankan mutane da garin wanki suna kwashe maiƙon fata, zubar ta ƙaru maimakon ta ragu.

Idan binciken farko ya nuna ciwo, wanda ya kamata a fara zargi shi ne ƙuma, ko da ba a ga ko ɗaya ba, domin mage na haɗiye su wajen lasa. A tsayar da ita a kan farar takarda a taje gadon baya da mataji mai matsattsun haƙora, a ɗiga ruwa a kan baƙin garin da ya zubo. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha. Wasu maguna jikinsu ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa su fito da ƙuraje masu girman ƙwayar gero a wuya da gindin wutsiya, su lashe mara da cinyoyi tas. Maganin ƙuma na ɗigawa ne a ƙeya, masu ɗauke da fipronil, selamectin ko imidacloprid, kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali, sau ɗaya a wata. Akwai mai fluralaner da ke kai mako 12. A buɗa gashi a ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, a matse bututun duka a kan fata ba a kan gashi ba, kada a yi mata wanka kwana biyu kafin da bayan haka. 'Ya'yan da ba su kai mako takwas ba a bar su da mataji, sai abin da likita ya ce. Inda ake yawan cewa maganin jabu ne ga yadda abin yake: ƙumar da ke jikin dabba ɗan ƙaramin kaso ce, ragowar suna matsayin ƙwai da tsutsa a kafet, tabarma, ƙarƙashin kujera da tsagar daɓe, kuma mace ɗaya na iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a yini. Wanda ya ɗiga sau ɗaya ya tsaya, sababbi za su ƙyanƙyashe su hau. Sai an yi wata uku a jere, an yi wa duk maguna da karnukan gidan, kowa da nasa, an wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk mako an shanya a rana. Ƙuma kuma ita ke kawo tsutsar cikin nan da ake ganin guntayenta masu tsawon ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, don haka a haɗa da maganin tsutsa mai praziquantel, a riƙa maimaitawa duk wata uku.

Edita, wannan gaɓar ce muka fi so masu karatu su riƙe. Hantar mage ba ta iya narkar da sinadarai da dama da kare ko saniya ke jurewa. Maganin ƙumar kare mai permethrin yana sa ta karkarwa da jijjiga cikin 'yan awoyi, kuma yakan kashe. Ko goga jiki ta yi da karen da aka ɗiga wa, ya isa, don haka a raba su kwana uku. Fiya-fiya, kananzir, baƙin mai, da ruwan wankan kaska na shanu duk guba ne a gare ta, kuma duk abin da aka shafa wa mage to an ba ta ne a baki, tunda za ta lashe. Ruwan kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ke yin fari idan an zuba shi a ruwa, kada a yi mata wanka da shi, kada ta taka daɓen da aka goge da shi sai ya bushe. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Allurar ivermectin ta shanu likita kan yi amfani da ita a awo ɗan ƙanƙani, amma kuskuren ɗigo kaɗan a jikin dabba mai kilo uku ba ƙaramin abu ba ne. In tsautsayi ya riga ya faru ta fara dalalar da yawu ko karkarwa, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a tsane ta da tawul, a garzaya asibiti da kwalbar abin da aka shafa. Kada a ɗura mata manja ko madara, huhu suke shiga.

Na biyu bayan ƙuma shi ne makero. Yakan fito a fuska, kunne da ƙafafun gaba, wuri zagayayye mai furfurar ɓawo da karyayyun gashi, sau da yawa ba ya ma ƙaiƙayi. 'Ya'yan mage da irin na Farisa sun fi kamuwa, wata kuma tana ɗauke da shi ba alama. Yana kama mutane, yara musamman, don haka in an ga zobe mai ja a hannun yaro a duba magen gidan. Man shafawa kaɗai ba ya isa. Likita kan ba da na sha, itraconazole, mako guda a sha mako guda a huta har zagaye uku, tare da wankan magani sau biyu a mako. Tsohon maganin griseofulvin ba a ba mai ciki, yana nakasa 'ya'ya. A killace ta a ɗakin da ke da sauƙin gogewa, a riƙa kwashe gashi kullum, domin ƙwayar cutar na iya rayuwa a gashin da ya faɗi fiye da shekara. A goge daɓe da bilic, ma'auni ɗaya cikin ma'auni goma na ruwa, a ɗauraye a bari ya bushe. Ƙazuwar mage kuma daga gefen kunne take farawa ta bazu fuska, da ɓawo mai kauri da susa ba dare ba rana. Ita sai an kankari fata an duba a madubin likita.

Akwai zubar da ke wucewa da kanta: bayan haihuwa da shayarwa, ko wata ɗaya zuwa uku bayan zazzaɓi mai tsanani. Tsoro ma na sa gashi ya zube nan take, kowa ya ɗauki mage zuwa asibiti ya ga rigarsa. Sauya gida, sabuwar mage, ko yaran da ke bin ta da gudu kan sa ta lashe mararta har ta yi sanƙo, amma kada a ɗora wa damuwa laifi sai an kawar da ƙuma da makero. Tsohuwar magen da ta haura shekara goma, in gashinta ya hargitse tana rama tana yawan shan ruwa, gwajin jini take buƙata saboda ƙoda da ƙullutun wuya da ake kira tayirod. Mai ƙiba da mai ciwon gaɓoɓi ba sa iya juyawa su lashe bayansu, shi ya sa nan ne ke fara dunƙulewa. Aman curin gashi jefi-jefi ba abin tsoro ba ne. In ya wuce sau biyu a wata, ko tana kakari babu abin da ke fita, ta ƙi abinci, ba ta bayan gida, hanji na iya toshewa, ba a kwana da wannan. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna yin waɗannan gwaje-gwaje, haka ma asibitocin dabbobi na jiha da masu zaman kansu da dama.

Ana yawan cewa haɗiye gashin mage na kawo tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, daga tarin mai ɗauke da ita ko ɗanyen nonon saniya mai ciwon. Abin da ke da gaskiya shi ne wasu mutane na atishawa, idonsu ya yi ja, mai asma kuma ta tashi masa, sanadiyyar wani furotin da ke cikin yawun mage da maiƙon fatarta, wanda ke bushewa a kan gashi ya bi iska. Irin wannan gida a hana ta ɗakin kwana, wani ne daban zai riƙa taje ta a waje. Mai juna biyu kuma abin da za ta guje wa shi ne kwashe kashin mage da hannu, ba gashinta ba.

Game da ɗaki, tsintsiya tayar da gashi take ya sake sauka. A yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma a daɓe. Kujera da kafet a sa safar roba ta wanke-wanke a ɗan jiƙa ta a shafa gefe guda, gashin zai naɗe a tsince. A shimfiɗa tsohon zane a inda ta fi son kwanciya, a kakkaɓe shi a waje a wanke duk mako. Darduma kuwa a naɗe ta a ɗora sama da an idar da salla, domin mage ba ta ganin abu mai laushi a shimfiɗe ta wuce. Wanda zai kai ta asibiti kada ya yi mata wanka ko ya shafa komai a wurin kwana biyu kafin zuwa, ya kuma tafi da buhun abincinta da kwalin duk maganin da aka taɓa gwadawa.

Mun gode da wannan dama. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Zariya.